Talatin da Shida da Rabi

Litinin, 15 ga Maris, 2021

Yau shekara guda cif da aka ce mu tattara komatsanmu mu tafi gida. Madam Chepkoech, malamar gidanmu, ta ce tunda ni ce shugabar Gidan Nzoia, gidan kwananmu a makaranta, in rubuta rahoton shekara don mujallar makaranta. Shafi ɗaya, wai kuma mai ƙarfafa gwiwa. To me zan rubuta? Guje-guje ba a yi ba. Gasar waƙa ba a yi ba. Wata bakwai ina garinmu Busia ina taya mahaifiyata suyar kifi. Mun tafi mu sittin da huɗu, muka dawo hamsin da tara. Jarabawar gama sakandare da ya kamata mu yi tun Nuwamba sai ran 26 ga watan nan.

Abin alfaharina ɗaya ne. Tun dawowarmu korona ba ta taɓa kowa a gidan nan ba. Ni ke riƙe bindigar auna zafi kowace safiya, ni ke cika rajista, kuma ba na ɗaga wa kowa ƙafa.

Laraba, 17 ga Maris

Mun sake yi da Mama Nyaboke. Shekara talatin tana kula da ɗakin kwananmu, ga tsufa ga ciwon suga, amma ba ta jin magana. An hana taɓa juna, ita kuwa sai ta bi layi tana ɗora bayan hannunta a goshin yara. Na ce mata zamanin nan ya wuce, ga na'ura. Ta ce na'urata abin wasan yara ce, hannunta ya gano zazzaɓi tun ba a haifi uwata ba. Yanzu Likita take kirana, 'yan gida na ta dariya. Oho dai.

Juma'a, 19 ga Maris

Ƙananan aji sun tafi hutu. Saura mu goma sha shida masu jarabawa. Gidan ya yi tsit har ba daɗi.

Litinin, 22 ga Maris

Kemunto, 38.4.

Sau uku na auna. Ita ke gadon ƙasa ni na sama, shekara huɗu ke nan. Bargo ɗaya muka raba a ajin farko da aka sace nawa. Dokar a fili take: wadda ta wuce 37.5 a keɓe ta, a gwada ta, in ta kamu a kai ta asibitin gari. Wadda kuwa takardar jarabawa ɗaya ta wuce ta, sai baɗi.

Ta kalli lambar, ta kalle ni. A hankali ta ce, “Nabwire, shekara ɗaya an riga an ƙwace mana. Kada ki ƙara min wata.”

Akwai mutum tara a bayanta suna jira. Na rubuta 36.5. Ko jinkiri ban yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Talata, 23 ga Maris

Ni da kaina na koya mata: kafin layi ta jingina goshinta da tankin ruwa, ƙarfen da sanyi da safe. Bindiga ta ce 36.1. Na rubuta 36.5 don kada ya yi ƙasa da yawa.

Da rana masara da waken sun ƙone, kowa na yatsina fuska. Kemunto ta cinye nata tas, ta ce ba ta ji komai ba, ko ƙauri. Alamar korona ke nan. Na buɗe littafin Kimiyya, awa biyu ina shafi ɗaya.

Laraba, 24 ga Maris

Asiri ya tonu, amma ba ta inda na zata ba. Mama Nyaboke ta zo wucewa ta layi, hannun nan nata ya sauka a wuyan Kemunto, ba goshi ba. Ta ɗan daɗe. Sai ta juyo ta tambaye ni nawa bindigata ta ce. Na ce talatin da shida da rabi. Ta ce to.

To ɗin nan gara mari.

Kafin azahar ta kwashe katifar Kemunto zuwa ɗakinta, ta gaya wa Madam wai yarinyar na fama da ciwon mara, tana son ta sa mata ido. Na same ta bayan kicin tana dafa citta da lemun tsami. Na ce Mama, ke fa kina da suga, a rediyo an ce irinku korona ta fi kayarwa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Ku goma sha biyar ne a wancan ɗakin, ni ɗaya ce a nawa. Ba ke ce gwanar lissafi ba? Lissafa.”

Na ce ko in je in faɗa wa Madam gaskiya. Ta ce da Litinin ya kamata in yi wannan tunanin, yanzu jibi jarabawa, in wuce in yi karatu.

Na wuce. Allah ya sani daɗi na ji da ta ce haka.

Juma'a, 26 ga Maris

Takardar farko. Kemunto ta shiga da takunkumi biyu, ta rubuta har ƙarshe. Duk tarin da aka yi a zauren sai da na ji shi a ƙirjina.

Talata, 30 ga Maris

Zazzaɓin ya sauka da gaske, ba da tanki ba. Ta dawo gadonta, har ta yi min tsiya kan munsharina. Mun tsallake. Kai, ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Juma'a, 2 ga Afrilu

Mama Nyaboke ba ta kaɗa ƙararrawar tashi ba. Ban taɓa ganin haka ba. Na leƙa, tana zaune bakin gado tana numfashi kamar wadda ta hau tudu da tulu. Na ɗaga bindiga, ta ce in tsaya daga ƙofa. 39.2.

Asabar, 3 ga Afrilu

Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta. An feshe ɗakinta an sa kwaɗo.

Laraba, 7 ga Afrilu

An gwada mu duka, babu mai cutar, har Kemunto. Madam ta karɓi rajista ta bi shi layi-layi ina tsaye. Tsaf, 36.5 daga sama har ƙasa. Ta ce da kowa na aiki irin nawa da ba a shiga wannan halin ba.

Tunda rajista ta wanke yara, sai aka yanke cewa Mama ce ta kwaso ta a kasuwa. Yanzu zancen ke nan ko'ina. Masu dafa abinci na cewa tsohuwar ba ta jin kashedi, ta kusa jefa 'yan jarabawa a masifa. Wai ko ta warke shugabar makaranta ba za ta bar ta ta dawo aiki ba.

Na ja Kemunto bayan tanki na ce mu faɗa. Ta riƙe min hannu har ya yi zafi. Ta ce in aka sani za a iya hana mu sauran takardun, kuma ita Mamar ce ta zaɓa, ba wanda ya tilasta mata. Na ce ke ce kika roƙe ni. Ta ce amma rubutun wa ke cikin rajista?



Lahadi, 11 ga Afrilu

'Yar Mama Nyaboke ta zo ɗaukar mata kaya bayan coci. Mai gadi ya hana ta shiga, ta cikin ƙarafan ƙofa na miƙa mata jakar. Ta ce an sa wa Mama iskar numfashi, magana da ƙyar. Ta tambaya ko ni ce Likita. Wai Mama ta ce a gaya min in ci abinci, in daina karatu da yunwa.

Shi ke nan saƙon. Ba ta gaya wa kowa komai ba, ko 'yarta.

Juma'a, 16 ga Afrilu

Ta rasu jiya da yamma.

Asabar, 17 ga Afrilu

An tara mu a fili, kowa da tazararsa. Shiru na minti ɗaya. Sannan shugabar makaranta ta ce wannan ya zame mana darasi, sakacin mutum ɗaya kan iya hallaka gida guda. Sakaci! Na ciji takunkumina har ya jiƙe. Kemunto na gabana, kafaɗunta na rawa, ba ta juyo ba. Yau za a binne ta a ƙauyensu, ba wanda aka bari ya je.

Laraba, 21 ga Afrilu

Mun gama takarda ta ƙarshe. Akwatina a ɗaure, gobe sai Busia.

Rahoton ban rubuta ba. Na ari jan biro, na buɗe rajista, na soke 36.5 na kwana takwas a layin Kemunto. Ran 22 na sa 38.4, sauran na rubuta “tanki”. A ƙasa na rubuta ɗakin da ta kwana da dalili, da abin da Mama ta ce game da goma sha biyar da ɗaya. Na sa hannu. Na nuna wa Kemunto tukuna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta karɓi biron ta sa nata sunan ƙarƙashin nawa.

Na kai wa Madam tare da bindigar. Ta tambayi rahoton, na ce shi ne wannan. Ta karanta a tsaye, ta zauna, ta sake karantawa. Ta ce na san wannan zai iya shiga takardar shaidata? Na ce na sani. Na roƙe ta abu ɗaya, a gaya wa 'yar Mama, a gaya wa masu dafa abinci.

Kada in yaudari kaina. Sai da na jira aka gama jarabawa sannan na yi bakin faɗa. Ita Mama ba ta jira komai ba.

Da na dawo ɗaki Jelagat, wata 'yar gidanmu, na kwance kan akwatinta, wai kanta na ciwo. Bindiga na ofis. Ban san lokacin da bayan hannuna ya sauka a wuyanta ba. Lafiyarta ƙalau, gajiya ce.

Ta ce, “Hannunki da sanyi, Likita.”

Ban hana ta sunan ba.