Kamfanin Takalma Ya Buɗe Yini Guda

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon gwiwar nan? Mu nan lafiya lau, sai tsada, wadda kai ma ka santa.

Yau albishir na kawo maka. Ka san tun da aka rufe kamfanin takalma Baban Yara ke zaune a gida, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban inji. Layinmu ma ya mutu: mai shayi ya tashi, mai wanki ya koma garinsu, ni kuma keken ɗinkina sai facin kaya yake gani. To, jiya Autanmu ya zo a motar ofis, Inna na ta faɗa wai mu daina ce masa Auta, mu ce Kansila. Ya ce gwamnati ta turo kuɗin farfaɗo da tattalin arziki, kuma ƙaramar hukuma ta amince a zuba su a kamfanin. Za a kira tsofaffin ma'aikata.

Yaya, da ka ga Baban Yara. Ya zaro kayan aikinsa daga ƙasan akwati, ya sa na rage wandon saboda ramar da ya yi. Har waƙa na ji yana yi a banɗaki. Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Uwar Biyu

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka tambayi bikin buɗewa. An buɗe, Yaya. An yi wa bangon gaba fenti, an dasa furanni, an kafa allo mai hoton Ciyaman wanda ya fi ƙofar girma. An kawo janareto na haya, aka tayar da inji ɗaya, aka tsayar da Baban Yara a gabansa ana ɗaukar hoto. Takalman da aka jera a tebur daga kasuwa aka sayo su, shi da kansa aka sa ya ɓare takardar farashin. Bai gaya min ba sai da muka dawo gida.

Washegari ya yi sammako, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Su da yawa suka zauna a gindin allon har rana ta take. Haka suka yi ta zuwa, har furannin suka bushe.

Na je ofishin Auta. An canza musu kujeru, an sa na'urar sanyaya ɗaki, ga sababbin motoci a tsakar gida ko ledar ba a cire ba. Ya bar ni a benci tare da masu neman alfarma. Da na shiga ya ce, "Yaya, ba ki san gwamnati ba. Kashin farko na kuɗin na wayar da kai ne." Na ce masa kanmu ya waye, cikinmu ne bai ji ba. Ya kai ƙarata wurin Inna, ita kuma ta ce ina baƙin ciki da ɗaukakar ƙanena. Ni da na goya shi.

Taka,
Uwar Biyu

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shiru. Hannuna ne ya ƙi rubutu.

An kira Baban Yara aiki a kamfanin. Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta ce kuɗi sun ƙare, injunan kuma sun tsufa, a sayar wa masu sayen ƙarfe don a samu albashin ma'aikatan ofis. Auta ya ɗaga hannu tare da su. Sannan ya aiko wai ya samo wa mijin yayarsa aiki: shi zai kwance injunan, tunda ya san kansu. Na ce kada ya je. Ya dubi 'yan biyunmu da aka koro daga makaranta saboda rashin biyan kuɗi, ya ɗauki sifanarsa ya fita.

Ya kwance su duka, har nasa. Ya ce min da aka zo kan nasa, sai da ya goge shi tas kafin ya sa masa sifana, masu mota na yi masa tsawa ya yi sauri. Tun ranar ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa, kuma ya daina bi ta titin kamfanin.

Yaya, alfarma nake nema. Zai taho wurinka ƙarshen watan nan neman aiki, ko gadi ne ko dako. Ka san shi, ba zai iya roƙonka da bakinsa ba. Ka ba shi ɗakin zaure, ka nuna kamar kai ne kake bukatarsa. Ni zan zauna da yara da kekena. Inna ta koma gidan Auta, ba ta yi min sallama ba.

Ka gaishe da Anti. Idan ya iso, don Allah ka je tasha da kanka.

Ƙanwarka,
Uwar Biyu