Rabi da Gishirin Miya

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya ƙafar taka? Mu nan Bagudo lafiya lau.

Labarin ɗiyarka Rabi zan ba ka. Jarrabawa saura wata guda aka mayar da malaminsu na kimiyya Kamba. Sai ta tara ƙawayenta a tsakar gida tana koya musu da gishirina.

Na ji tana cewa akwai wani ƙarfe cikin gishiri, wai shi sodiyam. Ba a samunsa shi kaɗai, sai an narka gishirin an sa masa lantarki. In ya taɓa ruwa yana iya kama wuta.

Inna ta ce, "Ke Rabi, shekara hamsin ina zuba gishiri a miya, ban ga wuta ba!"

Rabi ta durƙusa ta ce, "Inna, a haɗe yake da wani sinadari, shi ya sa ba ya ɓarna."

Yaya, ban gane duka ba, amma sai da na yi hawaye. Yanzu har daga Kurgu 'yan mata ke zuwa wurinta.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Asabe