Na Sunkuyar da Kai, Aka Ce Ban Isa Manaja Ba

Zuwa ga Babban Manaja na Jihar Arewa,
Kamfanin sayen auduga da gyaɗa da nake yi wa aiki,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama da aiki lafiya.

Bayan haka, ni ne Haruna ɗan Malam Sani na Kudan, akawun sikelinku a Makarfi shekara takwas ke nan. Sau biyu ina rubuto maka ta hannun ofishin Zariya, ko amsar "mun gani" ban samu ba. Shi ya sa wannan karon na miƙa wa jarida. Na san ba tarbiyya ba ce yaro ya yi wa maigidansa magana a bainar jama'a, kuma wallahi kunya nake ji. Amma jirgin da zai kai ɗalibinku Ingila zai tashi daga Ikko nan da mako shida, ni kuwa zama ya gagare ni.

Ga maganar don wanda bai sani ba. Bayan samun mulkin kai kamfaninmu ya yi shela cewa zai tura 'yan ƙasa biyu Ingila su yi shekara guda suna karatun harkar kuɗi tsakanin ƙasashe da zuba jari, su dawo su riƙe manyan kujerun da Turawa za su bari. Sharaɗi shi ne kada mutum ya wuce shekara talatin. Na nema, na ci jarrabawa, aka kira ni ganawa. An ɗauki mutum ɗaya, Allah ya sanya masa albarka. Kujera ta biyu aka bar ta babu kowa, wai ba a sami wanda ya cancanta ba. A kan wannan kujerar nake magana.

Na farko. Ban shiga wannan nema da ka ba. Shekara uku ina karatun nan ta gidan waya, da kuɗin aljihuna. Duk ƙarshen wata nakan hau keke zuwa Zariya in karɓo darasi in aika da amsa, in dawo da la'asar. Abin da ya jefa ni ciki kuwa manoman Paki da Gubuchi ne. Kullum aka sauya farashi sai su tsare ni a bakin sikeli, su ce, "Malam Haruna, audugar dai ita ce ta bara, gonar ita ce, ruwan ma ya fi na bara. To, wa ya rage mata daraja?" Ni kuma in tsaya ina susar ƙeya. Sai da na yi karatu na gane cewa abin da ke faruwa a kasuwar wata ƙasa da ba mu taɓa gani ba, da hawa da saukar kuɗinsu a kan na wasu, shi ne ke biyo jirgi da reluwe har ya iske buhun talaka a ƙauyen Malikanchi. Ko izinin karatun ma ba a banza na same shi ba. Da mahaifina ya ji akwai maganar kuɗin ruwa a cikin littattafan, wata uku ya yi bai amsa mini ba. Daga baya ya ce in koya don in san inda ramin yake, ba don in faɗa ba.

Na biyu. Takardar da kuka aiko mini da kanku ta ce ni ne na ɗaya a jarrabawar rubutu. Layi na gaba kuma ta ce masu ganawa sun ga ba ni da ƙarfin zuciyar da manaja ke bukata. Na karanta layin nan har takardar ta fara yagewa a ninki. Da abin ya ishe ni na je Zariya na zauna wa Malam Garba, babban akawunmu, har ya gaji ya faɗa mini abin da aka rubuta a kaina: na tuɓe takalmi a ƙofa, ban dubi kowa a ido ba, kuma da aka tambaye ni abin da na taɓa ƙirƙiro wa kamfani na ce babu.

Duka ukun gaskiya ne, ranka ya daɗe. Na yi su. Fassarar da aka yi musu ce ba gaskiya ba.

Na uku. Mutum uku na tarar a ɗakin: Turawa biyu da suka zo daga babban ofishi, da wani dattijo, Alhaji, wanda ke cikin masu ba kamfani shawara. Ina shiga na gane shi. Tare suka yi karatu da mahaifina a zaure ɗaya, ya sha zuwa gidanmu a Kudan, ni nake shimfiɗa masa buzu. Yanzu don Allah ta yaya zan shiga wa wannan mutum da takalmi? Ta yaya zan zuba masa ido kamar sa'ana? A gidanmu yaron da ya tsare babba da ido, kafin ya kai ƙofa ya ji a jikinsa. Kujerar Alhaji kuma ita ce a tsakiya, duk inda na ɗaga kai shi zan fara gani. Sai na sa idona a kan kafet ina amsa tambayoyi. An tambaye ni abin da zai sami kamfani idan fam ɗin Ingila ya faɗi alhali mun riga mun sayi kaya, na amsa dalla-dalla, har na ji alƙalamin ɗayan Baturen yana gudu. Ashe ba amsar yake rubutawa ba, sunkuyar da kaina yake rubutawa.

Ban zargi Alhaji ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na zarge shi. Na tabbata ya san abin da nake yi, ya kuma ji daɗinsa. Amma shi ma kunya ce ta ɗaure masa baki, kada a ce ya tsaya wa ɗan abokinsa. Ni na yi shiru don girmansa, shi ya yi shiru don mutuncinsa, Turawa suka haɗa shirun biyu suka ba ni sifiri.

Na huɗu, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Sito ɗin da kamfani ya gina a Gubuchi bara waccan, wanda ya raba mu da hayar motoci suna kafewa a laka kowace damina, ni na kawo shawararsa. Ni na auna nisan hanya da keke, na ƙididdige abin da ginin zai ci da shekarun da zai ɗauka kafin ya mayar da jarinsa, da irin lissafin da na koya a darasi na goma sha ɗaya. Takardar tana cikin fayil a Zariya, shafi huɗu, da rubutun hannuna. Da aka tambaye ni a ɗakin wa ya kawo shawarar, na ce aikin manyana ne, ni sa ni aka yi. Haka aka koya mini in ce. Ɗan malamai ba ya buɗe baki ya ce "ni na yi" a gaban babba, jira yake wani ya faɗa. Na jira, ba wanda ya faɗa. Yau ga shi na faɗa da bakina a jarida, kuma Allah ya sani sai da na ajiye alƙalami sau uku kafin in iya rubuta wannan sakin layi.

Ina so in yi tambaya, cikin ladabi. Manajan da kuke son ku yi, da wa zai yi aiki idan ya dawo? Ba da masu unguwanni da dattawan kasuwa da manoma ba ne? Ku aika wanda zai shiga zauren Sarkin Noma da takalmi yana zare ido, ku ga ko buhu nawa zai auna a kakar nan. Abin da ya sa manoman Ikara ke wuce wasu sikeli su kawo mana kaya, shi ne dai abin da kuka kira rashin ƙarfin zuciya. Idan kuwa a Ingila dole ne a dubi mutum a ido, ai abin koyo ne. Wanda ya koyi lissafin canjin kuɗi a gindin mangwaro tsakanin awo da awo, ɗaga kai ba zai gagare shi ba. Da an gaya mini tun a ƙofa, da na san yadda na yi.

Tun da takardar nan ta zo ban da sukuni. Ina auna buhu in manta, in sake aunawa. Motar Zariya ta tsaya, in bar sikeli in fita ko da saƙo. Maiɗakina ta ce ko tuwo a tsaye nake ci. Bisa takardar makaranta, bayan Babbar Sallah zan cika talatin, wato baɗi ko an sake shela ba ni a ciki.

Don haka ina roƙon abu uku. A ɗauko fayil ɗin Gubuchi a duba rubutun wane ne. A sake kirana ganawa kafin jirgi ya tashi, ko da minti goma ne, kuɗin mota ni zan biya. Sannan 'yan'uwana da za su zo bayana, a riƙa samun wanda zai gaya musu abin da ake so, a kuma gaya wa baƙinmu abin da sunkuyar da kai ke nufi a ƙasar nan.

Kafin in aika da wannan wasiƙa na je Kudan na karanta wa mahaifina ita, don ba zan yi abu irin wannan a bayansa ba. Da na zo wurin da na ce "ni na kawo shawarar", sai ya ajiye carbinsa. Ya ce, "To, ka je ka dubi Baturen a ido. Ba ubanka ba ne, ba malaminka ba ne. Amma in Alhaji yana wurin, shi kam ka dubi ƙasa."

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya mayar da kai gida lafiya ranar da wa'adinka ya cika. Na sami izinin mahaifina, ranka ya daɗe, takalmina ma na goge su. Abin da ya rage, idan za a kira ni, a taimaka a matsar da kujerar Alhaji gefe kaɗan, don in sami inda zan ɗaga kaina.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna ɗan Malam Sani,
Akawun sikeli, Makarfi.