Naman Juma'a da Na Mayar

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Na je asibiti a Wusasa karɓar sakamakon gwaji. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata Batul ba. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Baba, ƙodarka ta fara gajiya. Kumburin yatsan ƙafar nan ma duk tafiyarsu ɗaya." Jan nama sai ɗan kaɗan, jefi-jefi. Kayan ciki in manta da su. Gishiri a rage. Na ce to me ya rage a duniya? Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta tambayi wa ke dafa mini abinci. Na ce akwai. Ban ga amfanin gaya mata matata Hajo ta rasu bara da azumi ba, kuma tun daga nan cikina yana hannun mai shayi da safe, da rumfar Bala da yamma.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na je majalisa bayan La'asar kamar kullum. Bala mahauci abokina ne tun muna yara. Da safe ya sayar da ɗanye, da yamma ya gasa balangu a rumfarsa wajen Ƙofar Galadima, mu kuma mu jeru a benci bayansa. Tun da na yi ritaya daga laburaren jami'a a Kongo, nan ne kaɗai ake kiran sunana da ƙarfi.

Ya yanko tozo ya turo mini a takarda. Na ce likita ta hana. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce Malam Jibril zai koma sahun awaki. Bala ya ce, "Ci abinka, Jibo. Kakanka ya san likita?"

Ban ci ba. Zama cikin masu ci kana kallo yana da wuya. Hannuna ma na rasa inda zan ajiye shi.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Abin da nake gudu ya faru. Tun da na yi aure Bala yake biyowa duk Juma'a kafin masallaci, ya ajiye ƙullin nama a zaure, ya ƙwala sallama ya wuce. Yau ma ya kawo, har da hanta. Na bi shi da shi zuwa ƙofar gida na ce ya yi haƙuri, ya ba wani, ni yanzu lalacewa zai yi a hannuna.

Ya kalli ledar, ya kalle ni. Ya ce, "Hajo ba ta taɓa mayar mini da shi ba."

Ya karɓa ya tafi. Da na sani na karɓa na ba maƙwabta shiru. Ban yi wannan tunanin ba sai da ya sha kwana.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Shinkafa da mai da yaji. Jiya ma ita.

Alhamis, 1 ga Mayu

Batul ta bugo daga Abuja. Tana ta turo mini bidiyon girki a waya, wasu ganyayen ko sunansu ban taɓa ji ba. "Abba, ka kalla kuwa?" Na ce na kalla. Ta sake ɗauko zancen in koma wajensu, ga ɗaki, ga mai girki. Na ce wa zan bar wa gidan? Ta ce gidan me, Abba, kai kaɗai da ƙadangaru.

Bayan ta ajiye na shiga madafin Hajo. Ban taɓa tsayawa a ciki da niyyar dafa wani abu ba. Kuka tana nan a gwangwani, kuɓewa busasshiya, daddawa a ƙunshe ta yi tauri kamar dutse. Na buɗe daddawar, ƙamshin ya buge ni. Sai da na zauna a kan turmi.

Ban dafa komai ba.

Talata, 6 ga Mayu

Na ajiye girman kai na aika wa Umma sallama. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, tana sayar da awara da kwaɗo a zaurensu. Na ce ta gaya mini yadda ake faten tsaki. Ta ce, "Malam, kai Bazazzagi guda ba ka san yadda ake fate ba? Sai dai sha?" Ta lissafo mini: a wanke tsaki, a daka gyaɗa, rama a tafasa ta a zubar da ruwan farko in ba a son tsami sosai, albasa a ƙarshe. Ta ce daddawa ita ce naman talaka, in sa ta da hannu sake.

Na yi. Ya kama a gindin tukunya, sama kuma ruwa tsululu. Na sha a tsaye don kada in zauna in ga ni kaɗai ne.

Asabar, 17 ga Mayu

Ruwan sama ya sauka sosai. Rama sabuwa ta fara shigowa kasuwa. Ban koma majalisa ba. Babu wanda ya leƙo. Jiya Juma'a na tsinci kaina ina saurare ko zan ji sallama a zaure. Mai gyaran takalmi ne kawai ya wuce.

A masallaci muna gaisawa da Bala. "Lafiya?" "Lafiya." Shi ke nan.

Laraba, 21 ga Mayu

Abin kunya. Na je Tudun Wada gyaran tabarau, na wuce ta gaban wani mai tsire, ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na saya, har da ƙoda da kitse. Na ɓuya bayan wani shago na cinye kamar ɓarawo. Ko daɗinsa ban ji sosai ba, yaji ya yi yawa, kuma babu wanda zan ce wa ya yi yawa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ƙafa ta kumbura, ko zanen gado ya taɓa yatsan sai na yi salati. Salloli duk a ɗaki, a zaune. Umma ce ta lura ba ta ga na fita ba, ta aiko da kwaɗon zogale ta katanga.

Laraba, 28 ga Mayu

Na lallaɓa masallaci da sanda. Ashe wani ya gan ni a Tudun Wada, labari ya riga ni isa rumfa. Bayan sallama Bala ya tsaya yana neman takalmansa kusa da ni, bai ɗago kai ba ya ce, "Ashe ba nama aka hana ka ba. Nawa aka hana ka."

Na buɗe baki. Ya riga ya fita.

Juma'a, 6 ga Yuni, Babbar Sallah

Batul ta aiko da rago. Na yanka bayan an sauko Idi. Duk shekara Bala ke zuwa ya yi mini fiɗa kafin ya taɓa na kowa, yana yi yana zagin wuƙata. Na jira har rana ta take, ragon yana kwance ƙuda na bi. Daga baya na kira wani mai fiɗa da ke wucewa, ban ma san sunansa ba. Ya yi aikinsa tsaf, bai ce uffan ba.

Na rarraba duka. Na tsame tsoka ɗaya ƙarama na dafa, na ci don albarkar ranar. Unguwa duk hayaƙin babbaka da ƙamshin suya, yara na ta shiga gidaje da kwanuka. Ni na yi miyar kuka da wake da daddawa. Ta yi daɗi, gaskiya. Na so a ce akwai wanda zan ba ya ɗanɗana ya gaskata.

Litinin, 9 ga Yuni

Na gaji. Na sa babbar riga na tafi gidan Bala gaisuwar Sallah, in ya kore ni ya kore ni.

Na same shi a zaure shi kaɗai, da kwanon kunu yana tsoma burodi. Ranar Sallah ta huɗu, mahauci, da kunu. Ya yi sauri zai tura kwanon bayan tabarma, sai ya fasa. Muka gaisa.

Na ce tsiren Tudun Wada kwaɗayi ne kawai, kuma na biya da ƙafata. Ya ce Allah ya ƙara. Sai ya buɗe baki ya nuna mini. Turamen duk sun zube, na gaba biyu suna girgiza. Ya ce tun bara bai tauna tsoka ba, a rumfa tsotsa kawai yake ya faki ido ya tofar, kada a ce Bala ya tsufa. Ina zaune bayansa kullum ban taɓa lura ba.

Ya ce, "Kai ka yi boko, kana da zance. Ni nama kaɗai na iya. In ban riƙo shi ba, da me zan shigo gidanka?"

Na ce da ƙafa.

Ya ce ba ni da kunya. Na ga yana goge ido da hular da ya cire, na mai da hankali kan wani gizo-gizo a bango.

Alhamis, 12 ga Yuni

Shiru. Wataƙila na yi garaje.

Lahadi, 15 ga Yuni

Bala ya zo bayan Azahar, hannu biyu a aljihu, wai wucewa yake. Na ce ga fate a wuta. Ya ce shi ba mara lafiya ba ne. Ya sha kwano ɗaya yana mita: babu gishiri, rama ta yi tsami, namiji da gemu yana daka gyaɗa, Allah ya kyauta. Ya miƙo kwanon na ƙara masa.

Muka yi hirar Hajo. Tun da ta rasu ban yi zancenta da kowa haka ba. Ya tuna mini ranar da ta bi shi har rumfa da ƙashi a hannu tana tambayarsa ko kare ya ɗauka muna kiwo. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Daga nan barci ya kwashe shi a kan tabarma, baki buɗe. Na zauna ina jin minsharinsa har aka kira La'asar.

Talata, 1 ga Yuli

Asibiti. Likita ta ce an ɗan samu sauƙi, in ci gaba. A hanyar dawowa motar ta tsaya daidai wajen masu gashin nama, sai da muka wuce na tuna ban waiwaya ba. Ina ta tunanin ko kabewa ta shigo kasuwa, don tana da laushi, ba ta buƙatar haƙori.

Na sayo guda, ƙatuwa. Ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ƙananan ba su nuna ba ne. Bala bai ce zai zo gobe ba, ni ma ba jiransa nake ba.

Zan dai ɗan ƙara gishiri kaɗan. Kaɗan.