Haruffan Gefen Bonet

Harlowton, Montana
9 ga Maris, 2009

Zuwa ga Mista Wendell Pruitt,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, sunana Orval Haugen. Kiwon shanu ne sana'ata, ko in ce da can, don yanzu shanu goma sha ɗaya suka rage mini, sai wani tsohon kare da kunnensa ya toshe. Na ga adireshinka a bayan wata mujallar tsofaffin motoci, an ce kana yanka sitikar rubutu irin ta asali.

Ina da wata jif ƙirar 1974. Sabuwa dal muka saye ta ni da matata Marlys, shekarar da 'yarmu ta shiga makaranta. Daga baya ta yi shekara ashirin a rumbun ciyawa, kaji suna saka ƙwai a kujerar baya. Marlys ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ranar da masu ta'aziyya suka watse na shiga rumbun don kawai kada in zauna a kicin, na ɗaga bonet, tun ranar kuma nake ciki. Na sauke inji na mayar, na kankare tsatsa, saura fenti da sunan motar da ke gefen bonet, farare ne haruffan da baƙin layi kewaye da su.

Maƙwabcina Duane ya ce, "Orval, ka zuba mata fenti ka huta mana. Wa zai karanta sunan, barewa?" Na ce masa shi ma da ba a rubuta nasa a jikin bel ɗinsa ba da tuni ya manta shi.

Ga hoton motar nan a ambulan, da awon da na yi. Wadda ke zaune a kan bonet ita ce Marlys.

Na gode, ka huta lafiya.
Orval Haugen

*

Pocatello, Idaho
20 ga Maris, 2009

Mista Haugen,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, ga haruffan nan, na dama da na hagu.

Kada ka manna su sai fenti ya kwana talatin, in ba haka ba za su yi kumfa. Ka fesa ruwa mai ɗigon sabulu a bodin, ka ɗora, ka daidaita da tef ɗin awo, sannan ka matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. A inuwa za ka yi, ranar da ba iska.

Na mayar maka da hotonka. Irin wannan ba a sa shi a gidan waya, don in ya ɓace ba wani.

Ka huta lafiya.
W. Pruitt

*

Harlowton
17 ga Mayu, 2009

Wendell,

Ka yi haƙuri da na kira sunanka kai tsaye, mutumin da ya yi mini faɗa a kan hoton matata ya wuce Mista. Ina gaisuwa. Dusar ƙanƙara ta narke a nan, sai taɓo har gwiwa.

Na yi fenti, ruwan lemo kamar yadda take a da, na kuma ƙirga kwana talatin a kalanda. Amma na ɓata aikinka. Na hagu ya karkace kamar mashayi ne ya manna shi, da na zo ɗagawa ya yage. Na dama ya naɗe ya manne da kansa. Ranar da ba iska ka ce, to ka zo garin nan ka nuna mini ita. Na ɓamɓare su na liƙa a takarda, ga su nan ka ga abin kunya. Ka yanko mini wasu.

'Yata Darla ta zo daga Billings ranar Lahadi. Kirki gare ta, sai dai ta ɗauko uwarta wajen duba firij ɗin mutum. Ta buɗe ta duba, ta ce, "Baba, wake na gwangwani da kofi ba abinci ba ne."

Na ce, "Akwai ƙwai."

Ta ce, "Mil sha takwas ne daga nan zuwa kwalta. In ka faɗi a rumbun nan wa zai sani? Karen da ba ya ji?"

Tana so in sayar da gonar in koma wani gidan tsofaffi kusa da ita. Ta kawo mini takarda mai hotunan mutane suna dariya suna wasan kati. Na ce sai na gama motar. Ta ce kullum haka nake faɗa.

Gaskiyar ita ce, Wendell, wani lokaci ina kwana huɗu ban ji muryata ba. Da safe har yanzu kofi biyu nake sauko da su daga kanta, sai na ajiye nake ganewa. Ban faɗa wa Duane wannan ba, zai kai shi shagon shayi. Kai ba ka san fuskata ba, shi ya sa. Kana da mata? In kana da ita, ka rage zama a shago.

Naka,
Orval

*

Pocatello
29 ga Mayu, 2009

Orval,

Gaisuwa, da fatan taɓon ya bushe. Ga wasu nan. Wannan karon ka kafe gefen sama da tef kafin ka cire takardar baya, ka riƙa saukewa a hankali. In da hali, wani ya riƙe maka ɗaya ƙarshen.

Matata tana nan. Ba ta da yawan magana a 'yan shekarun nan. Ta ce in gaya maka maganar kofi biyun ba abin kunya ba ce, kuma wake na gwangwani ya fi daɗi in an yanka masa albasa.

Ka rubuto ka faɗi yadda aka yi.

W. Pruitt

*

Harlowton
12 ga Yuli, 2009

Wendell,

Gaisuwa gare ka da uwargida, ka ce mata na gwada albasar, tana da gaskiya.

Kada ka zage ni. Na biyun ma sun tafi, ga gawarsu nan a takarda. Ban kira kowa ya riƙe mini ba, ba na son a tsaya a kaina ana kallo.

Amma na kunna motar. Na fito da ita daga rumbu ba suna ba komai, na zaga filin ciyawa sau biyu, kare yana kujerar Marlys. Ƙarar injin tana nan yadda na san ta. Akwai wani tafki a saman dutsen da ke bayan gonarmu, hanyar duk duwatsu ce, mota irin wannan kaɗai ke hawa. Duk bazara can muke zuwa kamun kifi, ita tana kamawa ni ina ba ta shawara. Na kai bakin hanyar na tsaya, na daɗe inji yana aiki, sannan na juyo. Ba zan kai ta can tsirara ba.

Ga dalilin wasiƙar. Duane zai kai doki Idaho ranar takwas ga Agusta, ta garinku zai bi. Na ce zan raka shi. Ina so in ga injin da ke yanka haruffan nan, in kuma yi musabaha da kai. Wata huɗu ke nan wasiƙunka ne kaɗai abin da ke sa ni tafiya bakin akwatin wasiƙa da sauri. Ba za mu daɗe ba, Duane ba ya iya zama wuri guda sai in akwai nama a wuta.

Sai mun haɗu,
Orval

*

Pocatello
21 ga Yuli, 2009

Mista Haugen,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka tun kafin ka karanta sauran.

Sunana Lorna Pruitt. Mijina Wendell ya rasu shekara uku da suka wuce, a watan Fabrairu. Duk wasiƙun da ka samu ni na rubuta su.

Shi ne mai zane, ni ce mai yanka, haka muka yi shekara ashirin da shida a garejin bayan gidanmu. Ba mu haihu ba. Mako guda bayan jana'iza wasiƙa ta zo da sunansa, wani mutum a Texas yana son rubutun ƙofar baya. Na yanka na aika, na sa hannu yadda yake sawa, don ban iya rubuta wa baƙo cewa ya mutu ba. Ta biyu ta zo, na sake. Da farko na ce wa kaina masu motocin nan ba za su yarda da aikin mace ba. Ba shi ne dalilin ba. Kullum mai kawo wasiƙa yana miƙo mini ambulan da sunan Wendell a kai, ni kuma ban so hakan ya tsaya ba.

Sauran mutane lambar mota da launi kawai suke rubutowa. Kai ka rubuto maganar kofi biyu, kana zaton namiji ɗan'uwanka kake faɗa wa. Ranar ya kamata in gaya maka. Na zauna da biro, na kasa, na ɓuya a bayan "matata". Wannan cin amana ne, na sani.

Akwai kuma abin da zan faɗa, ko da zai ƙara maka fushi. Na shimfiɗa haruffan da ka mayar a ƙarƙashin fitila. Ba iska ba ce ta ɓata su. Inda ka matse ruwan, sawun yana tafiya yana karkarwa, iri ɗaya a duka huɗun. Rubutunka ma ya ƙanƙance daga Maris zuwa yau. Na shekara shida ina kallon hannun Wendell yana haka kafin ya ajiye fensir. Ka ga likita? Darla ta sani?

In ka fasa zuwa, na fahimta. In ka zo, ni kaɗai za ka tarar da injin.

Da girmamawa,
Lorna Pruitt

*

Harlowton
14 ga Satumba, 2009

Misis Pruitt,

Gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba, kin kuma ga ban zo ba. Na ce wa Duane bayana ke ciwo. Ya ce, "Bayanka ko halinka?"

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Ji na yi kamar na tuɓe riga a ɗaki ina zaton ba kowa. Na sa wasiƙarki a murhu, sai dai bazara ce, ba wuta a ciki, bayan kwana uku na ciro ta. Da na sake karantawa sai na ga ba sunan da kika ara ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da kika gani a haruffan ne.

Likita ya faɗa mini tun watan Janairu. Ciwon rawar jiki ne, irin wanda ba ya komawa baya. Ban gaya wa kowa ba. In Darla ta zo sai in sa hannun a aljihu. Ranar haihuwata a watan jiya ta kawo kek, ta miƙo mini wuƙa ta ce in yanka. Wuƙar ta riƙa buga faranti. Ta karɓa ta yanka, ta fita waje ta daɗe a cikin motarta. Da ta dawo ta ce, "Tun yaushe, Baba?" Na faɗa mata. Ta ce, "Da Mama ce da ka gaya mata." Na ce da Mama ce da ba sai na faɗa ba.

An sayar da gonar, wasu mutanen Colorado ne. Shanun sun koma wajen Duane, karen ma shi zai riƙe, don gidan da za ni ba sa karɓar dabba. Ƙarshen Oktoba zan tashi. An karɓe lasisina na tuƙi makon jiya. Motar kuwa, Darla ta ce za ta ajiye ta a garejinta ta rufe da tamfol, jikokina ba mai iya tuƙa mota mai giyar hannu a cikinsu.

Saboda haka kada ki yanko na uku. Ba hannun da zai manna, ba kuma inda za ta. Jiya na zauna a cikinta a rumbu har rana ta yi tsaka, ban kunna ba.

Game da sunan mijinki, ba ni da bakin yi miki faɗa. Rigar ruwan Marlys tana rataye a bayan ƙofa har yau, mutanen Colorado ne za su sauke ta. Aikinki mai kyau ne, ni na ɓata shi. Ki riƙa sa sunanki a kai.

Allah ya ba ki lafiya. Na gode da wasiƙun, ko wa ya rubuta su.

Orval Haugen

*

Pocatello
22 ga Satumba, 2009

Orval,

Gaisuwa. Na riga na yanka na ukun tun watan Yuli, kuma ba zan ba gidan waya ba.

Na duba taswira, tafiyar awa shida ce. Zan iso ranar Asabar, uku ga Oktoba, wajen ƙarfe biyu na rana. Na kama ɗaki a otal ɗin cikin gari. Ka wanke gefen bonet da ruwa zalla, kada ka shafa masa komai. Kai za ka riƙe tef ɗin awo ka gaya mini in rubutun ya miƙe, ni zan manna.

Lasisina yana nan da ransa. Rabona da giyar hannu tun 1988, don haka za ka ji abin da ba ka so daga akwatin giya, sai ka daure ka nuna mini hanyar tafkin nan. Ka gaya wa Darla inda za mu da lokacin da za mu sauko.

In ba ka so in zo, kana da kwana goma ka rubuto.

Ka huta lafiya.
Lorna