Hular Baba Bayan Wasan Nicanor na Ƙarshe

Yaya Yudelka,

Ina gaishe ki. Ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau nake a Boston, sai dai kwana uku ban fita aiki ba, ana tare mutane a hanya ana tambayar takardu. Kada Baba ya ji.

An ce ran Lahadi Nicanor Peguero, gwanin jifan ƙwallo na garinmu, zai yi wasan besbol ɗinsa na ƙarshe. Shekara sha tara Baba bai bari an wanke hularsa ta kallon wasa ba, wai in ta ga ruwa hannun Nicanor zai mutu. Kin tuna abin da ya gaya wa likita bara, da jikinsa ya yi tsanani? "Ba inda za ni sai yaron nan ya daina jifa." Dariya muka yi. Baba kuwa ba ya saɓa magana.

Ki je filin ki ce wa Nicanor na gode, Allah ya huta gajiya.

In Baba ya miƙo miki hular ya ce a wanke, don Allah kada ki karɓa. Ki ce ni zan wanke ta da hannuna idan na dawo.

Ƙaninki,
Radhamés