Kyankyasan Kangon Tanko Sun Fi Ƙarfina

Zuwa ga Mai Gari, ubanmu, Allah ya ja zamaninka.

Gaisuwa da biyayya. Bayan haka, ni ne Malam Ilu masaƙi, wanda gidansa ke jingine da kangon marigayi Tanko falke, a ƙofar da ke duban Malumfashi. Na roƙi Liman ya karanta wannan takarda bayan sallar Juma'a, domin sau uku ina zuwa zaurenka ana ce mini ka shiga.

Na farko, damina biyu ke nan da rasuwar Tanko. Kai ka ce kada a taɓa ko tsinke a gidansa sai magadansa sun iso daga Zazzau. Mun ji, mun bi. To, jinkar rumbunsa ta zube, dawa ta ruɓe a ciki, salgar gidan ta rufta, kuma katanga ɗaya ce tsakaninta da madafarmu.

Na biyu, ranka ya daɗe, daga cikin wannan ƙazanta kyankyasai ke fitowa su hau abincinmu. A rufe fura da faifai, a buɗe a iske su ciki. Bakin randa duk kashinsu ne. Mun zuba toka, mun kwara tafasasshen ruwa, mun turara barkono da ganyen taba har mu muka gudu waje da tari. Kajinmu sun ci har sun gaji. Mu kashe na yau, gobe kangon ya aiko da wasu.

Na uku shi ne mai nauyi. 'Yata Hassatu, shekararta uku, ta kamu da amai da gudawa farkon kakar da ta wuce. Bayan kwana biyar muka kai ta makwancinta. Kwana ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma duk gidan cikinmu bai zauna ba tun bara, kuma mun san abin da ke yawo a kan akushinmu. Mahaifiyata kuwa warin kyankyasan ke tayar mata da fuka. Ɗaya ya shige mata kunne, sai da wanzami ya ɗiga man shanu ya zaro shi, har yau ba ta ji sosai ta wannan gefen.

Ba ni da ƙarfin ƙetare maganarka, ba ni da wani gidan. A nan ramin saƙata yake, a nan aka binne cibiyata.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka turo dattawa biyu su shaida abin da ke cikin kangon saboda magada, sannan ka ba mu izini mu ƙone ruɓaɓɓiyar dawar, mu cike salgar. Ni da maƙwabta za mu yi aikin da hannunmu. In kuwa hakan ba zai yiwu ba, ka faɗa mini inda zan kai tsohuwa da sauran 'ya'yana biyu kafin ruwan bana ya sauka.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare gidanka daga abin da ya sami nawa.

Wassalam.

Talakanka,
Malam Ilu masaƙi